Mutum-mutumin Gonar Doya: Sharhi a kan Aikin Bernard Fagg Daga Kudancin Kano

Kalma ɗaya Bahaushe yake da ita ga abubuwa biyu da Bature ya raba. Abin da manomi ke kafawa a gona ya rataya masa tsumma don korar tsuntsu da biri, mutum-mutumi ne. Siffar da gwani ya gina da yumɓu ko ya sassaƙa da itace, ita ma mutum-mutumi ce. A 1943 ma'anonin nan biyu suka haɗu a kan abu guda. Wani akawun kamfanin haƙar kuza a ƙasar Jama'a, kusa da Kafanchan, ya sami kan mutum na gasasshen yumɓu da ya fito daga ramin kuza, ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa, kan nan ya yi masa gadi har kusan shekara guda. Daga bisani manajan kamfanin ya gan shi, ya ɗauke shi zuwa Jos, ya nuna wa wani matashin jami'in mulki mai suna Bernard Fagg. Da Fagg ya ƙura masa ido, sai ya tuna da wani ɗan kan biri na yumɓu da aka tono a ƙauyen Nok tun 1928, ya ga hannun da ya yi wannan ɗan'uwan hannun da ya yi wancan ne. Daga wannan kallo aka haifi abin da ake koya wa ɗalibai a yau da sunan al'adar Nok.

Babu littafin da zai yi maganar Nok bai kawo labarin nan ba, kuma yana da daɗin ji. Ni dai a matsayina na ɗalibin adabi, ba na iya sauraronsa ban tambayi abin da muke tambayar kowane labari ba: wa aka ba suna, wa aka bari babu suna, wa ya yi magana, wa ya yi shiru? Jami'in yana da suna, akawun ana kiransa akawu kawai, leburan da ya fara ɗaga kan daga cikin laka kuwa ko inuwarsa ba ta shigo ba. Da wannan tambaya nake so in auna rayuwar Fagg da aikinsa, in kuma auna su daga inda nake tsaye, wato kudancin Kano, ƙasar Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa.

An haifi Bernard Fagg a Landan a 1915. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, inda ya haɗa harsunan da da ilimin kufai da nazarin al'ummomi, sannan ya zo Nijeriya a 1939 a matsayin jami'in mulkin mallaka. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai shi Gabashin Afirka, bayan ya dawo aka ajiye shi a Jos. A lokacin hutunsa ya tona kogon dutsen Rop a 1944, ya sami ƙananan makaman dutse da tsingaro. A 1947 ya bar aikin mulki ya koma sashen kula da kayan tarihi a ƙarƙashin Kenneth Murray, ya gaje shi a shugabancin sashen a 1957, ya riƙe har 1963, shekarar da ya koma Ingila ya shugabanci gidan tarihi na Pitt Rivers a Oksfod. Rashin lafiya ya sa ya ajiye aiki a 1975, ya rasu a 1987. Wansa William Fagg shi ma sananne ne a fagen nazarin sassaƙe-sassaƙen Afirka a Gidan Tarihin Birtaniya, kuma ba na jin wannan zumunci bai yi tasiri a kan yadda ƙanin ya kalli Nok ba. Zan dawo kan haka.

Sai a fara da yabo, domin ya cancance shi. A zamanin da Fagg ya soma aiki, akwai manyan malamai a Turai da ke cewa Afirka ta kudu da Sahara ba ta da wani tarihi kafin zuwan baƙi. Shi ya bi ramukan kuza ɗaya bayan ɗaya, ya roƙi manajoji da ma'aikata su daina jefar da duk wani guntun yumɓu mai siffa, ya tara su, ya kwatanta su, ya nuna cewa salo ɗaya ne ya bazu tun daga wajen Kagara har Katsina-Ala: idanu masu kusurwa uku da huda a tsakiya, hanci da kunne a huje, kitso da ado iri-iri da aka fitar da su dalla-dalla. Ya tsaya kai da fata aka gina gidan tarihi a Jos, aka buɗe shi a 1952, don kayan su zauna a ƙasar da aka same su a lokacin da al'adar Turawa ita ce a cika akwati a aika gida. Wanda ya san yadda aka yi da tagullan Benin a 1897 ya san nauyin wannan.

To amma hanyar da kayan suka bi suka zo hannunsa ita ce ta fara raunata aikin. Kuza a cikin yashi da tsakuwar tsofaffin magudanan ruwa ake wanke ta. Duk abin da aka tsinta a irin wannan wuri, ruwa ne ya kwaso shi daga wani waje ya jibge, ya cakuɗa na shekara dubu da na shekara dubu biyu. Mai binciken kufai kuwa ba abin da yake nema kamar ya sami abu a inda mai shi ya bar shi: tukunya a gefen murhunta, gatari a ƙofar ɗakinsa, gawayi a ƙarƙashin dutsen niƙa. Da haka ne ake sanin wane ne ya girmi wane, da abin da aka yi da kowanne. Kan da aka ciro daga kwanon wankin kuza kamar baiti ɗaya ne da aka tsinta a takardar ƙosai: kana iya yaba kyansa, amma ba ka san waƙar da ya fito daga ciki ba. Fagg ya san da wannan matsala. Duk da haka a kan irin waɗannan kaya ya gina ƙiyasinsa cewa al'adar ta rayu daga wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa wajen shekara 200 bayanta, kuma wannan ƙiyasi ya zauna a littattafan makaranta fiye da shekara hamsin kamar an sassaƙa shi a dutse.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Shekarar da kan Jama'a ya isa Jos, 1943, tana tsakiyar lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas a ramukan kuza, daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya wadda Ingila ta dogara da ita wajen samun kuza. An ɗebi dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, aka kai su tsaunukan Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Bill Freund ya yi cikakken littafi a kan ma'aikatan kuza a 1981, mai son bayani ya neme shi. Ba ina cewa Fagg ne ya ɗebo su ba, ba kuma ina cewa ɗan aikin tilas ne ya tono kan Jama'a ba. Abin da nake cewa shi ne, ilimin Nok a bayan lebura ya hau ya zo, kuma labarin da ake ba mu an share wannan baya daga cikinsa. Ana cewa an gano, an tsinta, an samu, da irin aikatau ɗin nan da ke ɓoye mai aiki. Ɗalibin nahawu ya san wannan dabara.

Sunan ma abin dubawa ne. Nok ƙauye ne a ƙasar Jaba, mutanen da ke kiran kansu Ham, kuma dalilin da ya sa aka laƙaba wa dukan al'adar sunansa shi ne a nan aka fara tsintar abu. Wannan al'adar masu binciken kufai ce a ko'ina, ba laifin Fagg ba ne shi kaɗai. Illarta ita ce mai karatu yakan ɗauka akwai wata ƙabila ko daula da ta kira kanta Nok, alhali abin da Fagg ya tabbatar salon ginin yumɓu ne kawai. A nan nake ganin inuwar wansa. An kalli Nok da idon mai nazarin zane da sassaƙa, aka yi ta neman dangantakarta da kawunan Ife duk da tazarar da ta kai shekara dubu a tsakaninsu, aka bar tambayar da manomin Ƙiru zai fara yi: su waɗannan mutane me suke nomawa, me suke ci, a ina suke kwana?

Fagg ya yi ƙoƙarin amsa wannan a Taruga, kusa da Abuja, inda ya yi tono a shekarun 1960. Nan ne karo na farko da aka sami guntayen mutum-mutumi a wurin zaman mutane, tare da murahun narkar da tama fiye da goma, kuma awon shekarun gawayinsu ya kai ƙarni na 5 zuwa na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan ya sa Taruga cikin tsofaffin wuraren narkar da ƙarfe da aka sani a Afirka ta Yamma, kuma a ganina shi ne babban abin da ya samu a fagen Nok. Sai dai cikakken rahoton tonon bai fito a rayuwarsa ba. Tono kuwa rushewa ne. Wanda ya tona wuri ya yaga littafi shafi-shafi yana karantawa, in bai rubuta abin da ya karanta ba, babu mai sake karantawa bayansa. Littafin da ya bari, Nok Terracottas na 1977, siriri ne, hotuna sun rinjayi bayani. Kyakkyawan littafi ne ga mai son kallo, gajere ga mai son sani. Ina yi masa uzuri da ciwon da ya kama shi, da kuma nauyin ofis da ya ɗauka shekara da shekaru, amma uzuri ba ya cike giɓi.

Sai da ayarin Jami'ar Farankfot ta Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, suka soma aiki a 2005 sannan aka sami amsar manomin Ƙiru. Sun nuna cewa mutanen sun zauna a yankin tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, mutum-mutumin ya bayyana wajen 900, kuma al'adar ta ɓace a daidai farkon ƙirgar Miladiyya. Sun sami gero da wake da ƙwallon atile, har an gano alamar zuma a jikin tukwanensu. Da na karanta wannan sai na ji mutanen sun matso kusa da ni fiye da yadda duk hotunan 1977 suka matso da su. Mai gero da wake ɗan'uwa ne, ko da ba a san yarensa ba.

Shaharar da Fagg ya jawo wa Nok ta zo da nata sharrin, wanda bai yi nufi ba. Abin da aka ɗaukaka a matsayin kayan ado na duniya, kasuwa za ta yi masa kuɗi. A shekarun 1990 aka yi wa yankin tonon ɓarayi, aka yi ta fitar da kaya zuwa Turai, har aka ƙirƙiro sunayen salon Sakkwato da salon Katsina ga kayan da dillalai suka fito da su ba tare da an san ramin da suka fito ba. A 2000 aka baje wasu a Louvre ta birnin Faris, aka yi ta cece-kuce tsakanin masana da gwamnatocin Nijeriya da Faransa. Akawun Jama'a da ake yi wa dariya ya fi waɗannan adalci, don shi bai fitar da kan daga ƙasarsa ba, aiki ma ya ba shi.

In aka tambaye ni inda Fagg ya fi burge ni, zan ce Birnin Kudu, wadda a lokacin tana cikin Lardin Kano. A can akwai zane-zanen shanu a jikin duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, shanu marasa tozo, masu dogon ƙaho da masu gajere, alamar an zana su kafin shanun da muka saba gani yau su mamaye ƙasar. A watan Yuni na 1955 aka lura cewa wasu duwatsun da ke wurin suna da gurabe da suka lotsa saboda yawan duka, kuma in an buga su suna amo kamar kuge. Fagg ya rubuta a kansu a mujallar Man a 1956, ya bi sawun irinsu a wurare da dama, ya haɗa su da duwatsun zamiya da yara ke sulɓi a kai, ya tambayi mutanen garuruwa abin da suke yi da su a biki da wasa. Matarsa Catherine ta ci gaba da tattara bayanan har ta fitar da littafi a kansu a 1997. Kugen dutse ba ya shiga akwati, ba ya sayuwa a Faris, kuma ba a fahimtarsa sai an buga an saurara, an kuma tambayi wanda kakarsa ta buga. A nan dole ta sa mai ilimi ya zama mai sauraro. Abin mamaki, wannan ɓangare na aikinsa da ya faru a ƙasar Kano shi ne ɗalibin Kano ya fi jahilta.

Yanzu in juyo gida. Taswirar Nok da Fagg ya zana taswirar kamfanonin da ke aiko masa da kaya ce. Inda babu mai aikowa, takarda ta zauna fara. Mai karatu marar lura sai ya ɗauka farin takarda yana nufin babu kowa. Ga Riruwai a ƙasar Doguwa, duwatsunta dangin na Jos ne, kuma mutanenta suna narkar da kuza suna zuba ta sirara kamar tsinke suna sayarwa tun kafin Bature ya san hanyar wurin. Masana'antar Turawa ta zo ta kashe wannan sana'a, sunan Riruwai ya koma littattafan masu nazarin duwatsu da ma'adinai. Tambaya ce da ta dace da mutum irin Fagg: tun yaushe ake wannan narki, da wane irin murhu, su wa suka fara? Ga dajin Falgore, wanda aka fi sani da Kogin Kano a da, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, a yankin da hare-haren Ningawa suka tashi garuruwa a ƙarni na 19. Daji da aka hana noma a cikinsa ma'aji ne, domin garma ba ta taɓa kufansa ba. Ga Bebeji mai ganuwa, wadda Clapperton ya bi ta cikinta a 1826, wadda kuma sojojin Kanar Morland suka fasa ƙofarta da igwa a 1903 kwana kaɗan kafin su ci Kano. Ga ƙauyukan Maguzawa da na Kurama, inda har yanzu ake iya samun mai gaya maka sunan dutse da abin da ake yi a gindinsa.

Ba a rasa waɗanda suka nuna hanya ba. Gawayin narkar da tama da aka auna daga Dutsen Dala ya kai ƙarni na 7 na Miladiyya, wato ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda na littafin Tarihin Kano. John Sutton, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi kira a 1979 da a karanta tarihin ƙasar Hausa daga duwatsu da kufai da kashin maƙera, a rage dogaro da labarin Bayajida. Murray Last ya yi rubutu a kan Santolo, abokiyar gabar Kano ta farko. Waɗannan su ne suka yi wa ƙasar Hausa irin tambayar da Fagg ya makara bai yi wa Nok ba. Amma jarrabawar sakandare har gobe Nok da Ife da Igbo-Ukwu da Benin take tambaya, kuma yaron Tiga yana haddace su yana taka tsingaro a hanyar makaranta.

Wani zai ce, ina ruwan Musulmi da gumakan mutanen jahiliyya? Na sha jin wannan, kuma ina ganin shi ne ya sa muka bar fagen ga baƙi sannan muka dawo muna ƙorafin baƙi sun rubuta mu yadda suka so. Sanin abu daban, bauta masa daban. Malaman da suka rubuta Tarihin Kano Musulmi ne, ba su kuma ji tsoron ambaton Barbushe da Tsumburbura ba. Balle ma yawancin abin da ƙasa ke ɓoyewa ba gunki ba ne: murhu ne, da rijiya, da marina, da dutsen niƙa, da tushen ganuwa. A harabar gidan tarihin da Fagg ya kafa a Jos, an zo bayansa an gina kwaikwayon ganuwar Kano don masu yawon buɗe ido, mu kuwa muna ɗibar ƙasar ta gaske muna yin bulo. Mun raɗa wa tafki da makarantar lauyoyi sunan Bagauda a ƙasar Bebeji, suna dai ba ya kashe kuɗi.

Kafin ruwa ya cika madatsar Kainji a 1968, an tura masu binciken kufai sun bi gaɓar Kwara suna ceton abin da za su iya. Madatsar Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina a kan Kogin Kano a farkon shekarun 1970, ta tashi garuruwa da ƙauyuka, kuma duk abin da ke ƙarƙashin ruwanta yanzu, kufai ne ko maƙera ko maƙabarta, ya fi ƙarfin magirbi. Abin da ya rage shi ne hanyar Birnin Kudu, wadda ba ta bukatar na'urar Jamus: a je a zauna da waɗanda aka tasa, a tambaye su sunan tsohon garinsu, da inda kukar take, da tudun da ake tsintar kashin maƙera, da dutsen da ake hana yara hawa, a rubuta kowane bayani da sunan wanda ya ba da shi. Yaron da yake ɗan shekara goma ranar da aka kwashe su daga bakin kogin, yau ya haura sittin.